Ajiye magagarin tukuna, ɗauko rula

Na ga saƙonka, ɗana, na kuma ga hoton motar. Ka ce: "Maigida, na samu ƙaramar Datsun 240Z ta zubi, ina so in mayar da ita motar daji. Na sayi tayoyi masu tsayin milimita 18 amma sun ƙi shiga. Madigadi zan fara yankewa, ko bodin zan ɗaga?"

Ko ɗaya kada ka yi yanzu. Ɗauko rula da biro mu yi lissafi, don matsalar a tayar take, ba a motar ba.

Motarka ta wasa ce ta ƙarfe, an zuba ta ne a ma'aunin 1:64, wato duk milimita ɗaya a jikinta milimita 64 ne a jikin ta gaske. Tayar da 240Z ta fito da ita daga kamfani tsayinta wajen santimita 64 ne, a taka ke nan milimita 10. To ninka 18 ɗinka sau 64, ka samu mita ɗaya da santimita 15. Tayar tirela ka sayo wa motar tsere. Ko tayar inci 33 da ake saka wa manyan motocin jeji, in ka rage ta zuwa wannan ma'auni milimita 13 ce kacal. Datsun ɗinka milimita 11 da rabi zuwa 12 ta ishe ta. Na san a tafin hannu bambancin ba ya kama ido, amma ɗora ta a tebur ka sunkuya ka dube ta daga gefe, za ka ga milimita ɗaya da rabi ba wasa ba ne.

Kuma ka yi sa'ar mota, don wannan tana da tarihin daji na kanta. Ita ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 da Edgar Herrmann a sitiyari, ta sake ci a 1973 da Shekhar Mehta. Nemi hotunan ta 1971 ka zauna ka kalle su da kyau: ja ce, bonet baƙi marar sheƙi don kada rana ta kashe wa direba ido, ga ƙarin fitilu, an ɗan ɗaga ta daga ƙasa. Tayoyin ba su fi na kamfani da wani abin kirki ba. Porsche 911 da ta shiga gasar a 1978 tazarar cikinta da ƙasa santimita 28 ce, kuma a lokacin ana ganin an ɗaga ta sosai. A ma'auninka milimita huɗu ne da ɗan ɗoriya. In kuwa abin da ranka ke so shi ne yankakken madigadi da taya a waje tsirara, wannan salon Baja ne, irin yadda mutanen Kalifoniya suka riƙa yi wa Volkswagen ƙirar kunkuru tun ƙarshen shekarun 1960. Shi ma yana da kyau, amma zaɓi ɗaya. Motar da aka cusa mata salo biyu ba ta kama da kowa.

Kafin ka huda komai, juya ta ka karanta abin da ke rubuce a ƙasanta. In sabuwar fitowa ce, bismillah. In ka taɓa cin karo da tsohuwar motar wasa ƙirar Hot Wheels mai jan zobe a taya, irin na 1968 zuwa 1977, kada ka kusance ta da diril, masu tara su nemanta suke yi ido rufe.

Buɗewa ba wuya in ka bi a sannu. Ƙusoshi biyun nan da kake gani a ƙasa ba ƙusoshi ba ne, ginshiƙai ne da suka sauko daga bodin aka murje kansu suka riƙe shasi. Fara da siririn bakin diril mai milimita 1.6, ka huda tsakiyar kowanne. Naɗa salatif a bakin daidai milimita huɗu ko biyar don ka san inda za ka tsaya, in ba haka ba sai ka ga baki ya ɓullo ta bonet. Sannan ka ɗauki mai milimita huɗu da rabi ko biyar ka share kan kawai, kada ka ci ginshiƙin. Ramin farko shi za ka yanka wa zare na sukuru M2, wato mai kaurin milimita biyu: ɗiga mai, murɗa rabin juyi, dawo baya, sake murɗawa. In ka yi gaggawa abin yanka zaren ya karye a ciki, ka gamu da aiki, don ya fi bodin tauri nesa ba kusa ba. Amfanin sukuru shi ne za ka buɗe ka rufe sau ashirin kana gwaji, kuma sai ka yi hakan.

Cire gilashi da kujeru ka sa su a kwali can gefe kafin ka buɗe maganin cire fenti, don roba ce, narkar da ita yake yi. Safar hannu, tabarau, kuma a inda iska ke wucewa.

In fenti ya fita sai ka san da wa kake hulɗa. Ƙarfen nan sunansa zamak: tutiya ce mafi yawa, da alminiyum kamar kashi huɗu cikin ɗari, da ɗan maganiziyam da jan ƙarfe. Yana da taushin gogewa amma ba ya lanƙwasuwa, ka matsa masa sai ya ɓalle kamar busasshen kara. Kada ka ce za ka buɗa madigadi da filaya. Yana narkewa a wajen digiri 385, saboda haka wuta ba tasa ba ce a nan, dalmar liƙi ma ba ta kama shi yadda ya kamata. Abin haɗa shi gam ne mai haɗi biyu, wanda ake kira ifoksi. Yana kuma toshe haƙoran magagari, sai ka riƙa goga wa magagarin alli kana kakkaɓewa da burushin waya.

Yanzu tambayarka. Ɗagawa ake fara yi, yanka daga baya, kuma sau da yawa in ka ɗaga daidai sai ka tarar ɗan abin da za ka goge bai taka kara ya karya ba. Wasu suna cusa wani abu tsakanin bodi da shasi su ɗaga bodin. Ba na so. Shasin yana nan a ƙasa inda yake, sai dai ka buɗe giɓi ana hango kujeru ta ƙarƙashin ƙofa. Ni gatarin nake saukarwa, wato wayar nan da ta haɗa taya biyu. Yanke 'yan haƙoran da suka riƙe tsohuwar waya, ka samu siririn bututun tagulla mai kaurin milimita 1.6, wayar milimita 0.8 tana shiga cikinsa ta juya. Liƙa bututun a ƙasan shasi maimakon cikin tsohon kwarmin, ka ga mota ta tashi milimita ɗaya da rabi zuwa biyu, kimanin santimita 10 zuwa 13 ke nan a ta gaske.

A nan ne hannu ke nuna kansa. Shimfiɗa gilashin taga ko madubi, ka ɗora shasin a kan gutsattsarin kati masu kauri ɗaya gaba da baya, tayoyi huɗu duk suna taɓa gilashin, sannan ka sa gam. Auna daga gatarin gaba zuwa na baya ta dama, ka auna ta hagu, dole su zo ɗaya. A 240Z ta gaske tazarar milimita 2,305 ce, a taka wajen 36, amma bi tsakiyar madigadin taka, don masu zubi ba kullum suke cika ma'auni ba. Yi amfani da ifoksi mai jinkirin kamawa don ka samu damar gyara. Sufa gulu kuwa nesanta shi da gilashin motar, tururinsa yana bar masa farin hazo. Mota mai taya ɗaya a sama, ko wane irin fenti ka yi mata, ido can zai fara zuwa.

Sai ka mayar da bodi, ka zana da biron maka inda taya ke taɓawa, ka ɗauki magagari mai zagaye. Ba injin gurza ba. Goga biyar a dama, biyar a hagu, ka rufe ka duba. Ina yaro na taɓa sa wa wata ƙaramar Ford Mustang ta zubi injin gurza, cikin ƙiftawar ido na cinye madigadin baya har na shiga layin ƙofa. Na cike da ifoksi na goge na fente, amma duk wanda ya ɗauke ta nan yatsansa ke tsayawa. Sa takunkumi, ƙurar ba ta shaƙa ba ce.

Kayan ado ka taƙaita. Bututun kariya na motar tsere kaurinsa wajen milimita 45 ne, wayar tagulla mai 0.7 ke nan, kuma ita dalma tana kama ta. Kariyar gaba, fitilu biyu ko huɗu, farantin kare ƙasan inji, robar tare laka, safaya taya mai girman sauran. Ya isa. Kada ka loda mata jarka da shebur da tsani kamar mai ƙaura.

Wajen fenti, wanke bodin da sabulu ka daina taɓa shi da hannu. Fara da fentin shimfiɗa mai cizon ƙarfe, siriri, in ba shi ba fenti zai riƙa ɓarewa a gefuna. Feshi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda zai binne layin ƙofa da na bonet. Laka kuma ba ko'ina take zama ba: bayan kowace taya, ƙasan ƙofofi, da bayan mota inda ƙura ke dawowa ta kwanta. Kankare allin zane mai launin ƙasa ka shafa da busasshen burushi, launi ɗaya, ka bar inda waifa ke sharewa fes. Tsatsa kada ka sa, motar da ke cikin gasa datti take yi, ba ta tsufa ba.

Ka samo tayoyin milimita 12, ka jingina su a jikin motar ba tare da gam ba, ka ɗauko mini hoto daga gefe, kyamara a kan tebur daidai tsayin ƙofa. Sai na gani za mu yanke shawarar ko milimita ɗaya da rabi za a ɗaga ko biyu. Na 18 ɗin kuma adana su, ranar da ka samu Unimog ta Mercedes, wato babbar motar daji, za su zauna mata daidai.