Jar Ƙofar da Baffa Ya Gani a Hoto

Baffa, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, na saurari saƙon muryarka. Ka ce ka ga hoton yara a ƙofar gida, ƙyauren ja wur, kuma wani ya gaya maka Turawa ba sa shafa wa ƙofa jan fenti sai da dalili. Ka tambaya ko alamar coci ce, ko ta wata ƙungiya, ko dai mun fara ɗaukar abin da ba namu ba.

Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, sai dai ya tara labaran ƙasashe da yawa ya ɗora wa ƙofa ɗaya. A Amurka za ka ga coci-coci masu jar ƙofa, musamman na ɗarikar Episkofal, kuma masu su na cewa tana nuna jinin Almasihu da mafaka ga wanda ya shiga. Wasu suna kai abin har ga Littafin Fitowa, sura ta 12, inda aka umarci Bani Isra'ila su shafa jinin ɗan rago a dogaran ƙofofinsu daren da za su bar Masar. Mutanen Sin kuma nasu daban ne. A wurinsu ja launin arziki ne da farin ciki, shi ya sa idan sabuwar shekararsu ta zo suke manna jajayen takardu a gefen ƙofa. Ƙofofin tsohuwar fadar sarakunansu ta Beijin, wadda aka gama ginawa a 1420, jajaye ne, galibinsu da ƙusoshi masu ruwan zinariya jeri tara-tara, 81 ke nan. Duk wannan gaskiya ne, amma babu ko ɗaya da ya shafi layinmu a birnin Gilasgo, nan Sikotilan.

Abin da ake jingina wa Sikotilan shi ne wai mutum yakan shafa wa ƙofarsa ja ranar da ya gama biyan bashin gida. Labarin ya cika intanet. Maƙwabtana kuwa, waɗanda kakanninsu a nan aka binne su, dariya suke yi idan an kawo zancen. Dattijuwar da ke kusa da mu ta gama biyan nata tun kafin mu zo, ƙofarta shuɗiya ce.

Dalilin da na fi yarda da shi ba shi da wani zurfi. Gidajen nan a jere ake gina su, bango ɗaya ya haɗa ka da maƙwabci, taga iri ɗaya, rufi iri ɗaya, daga farkon layi har ƙarshensa. A watan Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, sama kuma kullum kamar an shafa mata toka. Ƙyaure ne kaɗai abin da mutum zai canja ya ce wannan nawa ne. Mu Hausawan nan ma da shi muke kwatance: idan ana walimar suna, za ka ji an ce wa baƙo ya shigo layin, gida mai jar ƙofa, kada ya tsaya neman lamba cikin duhu da ruwan sama.

Kuma ko wannan ɗan 'yancin ba kowa ke da shi ba. Ɗan haya ba ya taɓa fenti sai da izinin mai gida. A unguwannin tarihi kuwa, ko gidan naka ne, hukuma na da ta cewa. A 2022 majalisar birnin Edinbura, babban birnin Sikotilan, ta umarci wata mata ta canja launin ƙofarta mai ruwan hoda, da barazanar tara har fam 20,000, saboda unguwar tana cikin wuraren tarihi da UNESCO ta amince da su tun 1995. Don haka idan ka ga ɗanmu ya shafa wa ƙofa launin da ransa ke so, abin da za ka iya karantawa ɗaya ne: mai yiwuwa ya bar haya.

To, nan ne maganar da ta fi launi nauyi take, kuma na san can za ka nufa da ka ji an ambaci bashi. Da wuya mai albashi ya sayi gida a ƙasar nan da kuɗi hannu. Banki ne ke biya, kai kuma ka yi ta biyansa wata-wata, sau da yawa shekara 25, da kuɗin ruwa a kai. Wannan shi ya raba kan jama'armu, ba fenti ba. Akwai waɗanda suka ce riba ce tsagwaronta, suka zauna a haya har 'ya'yansu suka yi aure, kuma ban taɓa ganin wanda ya raina su ba. Akwai waɗanda suka riƙe fatawar Majalisar Fatawa da Bincike ta Turai ta 1999, wadda ta yi sassauci ga mai buƙatar gidan zama idan babu wata hanya, ko da yake malamai da yawa ba su yarda da ita ba. Sai kashi na uku, inda nake, da suka bi ta bankunan Musulunci, waɗanda suka fara samuwa sosai bayan an buɗe Islamic Bank of Britain a 2004. Tsarin musharaka ne: kai da banki ku sayi gidan tare, kana biyan haya a kan kason banki, kana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Ya fi tsada, ba zan ɓoye maka ba, kuma akwai masu cewa ribar ce aka sauya wa riga. Ni dai zuciyata ta fi natsuwa da shi. Har yau idan aka zauna bayan sallar Juma'a aka taɓo zancen, sai an tashi ba a daidaita ba.

Game da kamanceceniya da wasu da ka yi tsoro, kai ne malami, ba zan yi maka karatu ba. Na san malamai sun yi saɓani a kan namiji ya sa jan tufa zalla, na kuma san hadisin Bara'u ɗan Azib da ya ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cikin jar hulla, wato zane da mayafi. Wannan zancen tufa ne. Masallatanmu na nan ba su taɓa ɗaukar launin ƙofa a matsayin abin wa'azi ba. Abin da suke ja mana kunne a kai shi ne haƙƙin maƙwabci, domin bangon nan guda, idan yara suka yi tsalle a bene, tsohuwar da ke gefe tana ji.

Tamu ƙofar Maman Yara ce ta zaɓi launinta, don ta ce baƙin da muka tarar yana sa gidan kama da ofis. Bankin kuwa har yanzu yana da kaso mai kauri a ciki, saboda haka a ci gaba da sa mu a addu'a. A gaida Inna da sauran mutanen gida.