Amsa kan Anna Sewell da abin da ta yi wa dawakai

Malama, kin tambaya ko Anna Sewell, marubuciyar littafin Black Beauty, labarin yara kawai ta rubuta, ko akwai wata manufa a bayansa. Akwai manufa, kuma babba ce.

An haife ta a garin Great Yarmouth da ke Ingila a 1820. Tana da kusan shekara 14 ta faɗi ta ji rauni a idon sawu, raunin da ya hana ta tafiya sosai har ƙarshen rayuwarta, sai ta dogara da keken doki wajen zirga-zirga, kuma a nan ta laƙanci halin dawakai ciki da waje.

Littafi ɗaya tak ta rubuta, Black Beauty, daga 1871 zuwa 1877, tana kwance ba lafiya, wani lokaci tana faɗa mahaifiyarta na rubutawa. Doki ne ke ba da labarinsa da bakinsa, kuma masu aiki da dawakai ta nufa, ba yara ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne wata igiya da masu hali ke ɗaure wa doki daga linzami zuwa baya, ta tilasta masa ɗaga kai sama saboda ado kawai, ko da yana jan kaya a hawa, wuya ya sage, numfashi ya yi wuya. A ganina bayanin wannan azaba shi ne ƙashin bayan littafin.

Ta rasu a Afrilun 1878, wata 5 bayan fitowarsa. A 1890 George Angell, wani Ba'amurke mai fafutukar kare dabbobi, ya yaɗa shi a Amurka domin yaƙi da zaluntar dabbobi.