Ƙanena, ganuwar Lugo ba a ɗaukar lebura a bakinta

Saƙonka na uku ke nan a wannan watan. Ka ga hotona a Facebook ina tsaye a kan ganuwar garin Lugo, sai ka ce za ka zo karatu Sifen, ka riƙa taɓa aikin gini a gefe, tunda tsohuwar ganuwa ba ta rabuwa da gyara.

To, saurara. Ganuwar nan Rumawa ne suka gina ta a ƙarshen ƙarni na 3, ta kewaye tsohon garin gaba ɗaya, fiye da kilomita 2, yau tana da ƙofofi 10. Tun 1921 gwamnati ta sa ta cikin kayan tarihin ƙasa, UNESCO kuma ta shigar da ita jerinta na kayan tarihin duniya a 2000. Dutse ɗaya ba ya motsi sai da takardar hukumar Galisiya, yankin da Lugo yake ciki. Na taɓa tsayawa kusa da ƙofar Porta Miñá ina kallon masu gyara: mutum biyu suna cire ciyawa daga tsakanin duwatsu da hannu, wata masaniyar kayan tarihi tana tsaye a kansu da littafi. Ko gidajen da mutane suka jingina a bayanta rushe su aka yi a shekarun 1970. Kai da ka saba ganin ana ɗibar ƙasar badala a Kano ana yin bulo, nan ko cokalin gini ba za a miƙa maka ba.

Ni abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗakin da na fara kamawa a cikin ganuwa. Araha ta ja ni. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, bango kullum a jiƙe, har takalmana suka yi fumfuna. Na roƙi mai gidan ya sauya taga, ya ce unguwar tarihi ce, sai an ba da izini. Ko gaskiya ne ko wayo, wata bakwai na yi ina tari.

Sannan harshe: na zo da Sifaniyancina ina taƙama, na shiga aji na tarar malami yana Galisiyanci. Da haka dai na gama digirina na likitan dabbobi, ba wanda ya ɗauke mini ko kwabo.

In da gaske kake, fara samun gurbin karatu, ka tanadi shaidar kana da yuro 600 na kowane wata. Kada ka bari Baba ya sayar da gona kafin nan. Turo mini takardunka in duba.