Firosesa na zafi duk da sanyaya ta ruwa

Ɗan'uwa, ka ce firosesar kwamfutarka, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukanta, tana kaiwa digiri 90 duk da ka haɗa mata sanyaya ta ruwa, kuma fankoki suna juyawa lafiya. Galibi ruwan ne ba ya zagayawa. Kunna ta, ka ba ta minti goma, sannan ka taɓa lagireto, wato inda fankoki ke huce ruwan. In firosesa ta ɗau zafi amma lagireto sanyi ƙalau, to ko famfon da ke tura ruwan ya tsaya, ko iska ta maƙale a hanya. Karkata akwatin kwamfutar a hankali famfo yana aiki, za ka ga kumfa tana hawowa cikin tanki.

Amma don Allah, wane ruwa ka zuba? A shagona a Ringim na taɓa zuba ruwan burtsatse. Bayan 'yan watanni na kwance ƙarfen da ke kan firosesa, na tarar farin gishiri-gishiri ya toshe siraran tsagogin jan ƙarfen nan, sai da na sa buroshin goge baki na wanke. In ruwan burtsatse ka zuba, zubar da shi, ka sa tataccen ruwa irin na batirin sola, wanda babu asid a ciki.