Gidan da banki ya sa a kasuwa a Agege

Wani ɗan kasuwa daga Mile 12 a Legas ya rubuto: “Barista, na gaji da haya. Dillali ya nuna mini gida a Agege da banki ya ƙwace, kuɗinsa bai kai na sauran gidajen layin ba. Ya ce in ba da kafin alƙalami makon nan. Mai gidan da ’yan haya biyu suna ciki, amma tunda banki ne zai sayar mini, ina biya sai su fita, ko ba haka ba?”

Alhaji, ban ga takardun ba, don haka a kan abin da ka rubuto kawai zan yi magana. Amma tun daga kalmar “ƙwace” aka fara samun matsala. Galibi gidan ba na banki ba ne. Jingina aka ba shi, abin da ke hannunsa ikon sayarwa ne don ya fitar da bashinsa, kuma ikon nan yana iya zama gurgu. In an rubuta cikakkiyar yarjejeniyar jingina, gwamna ya amince, an yi rajista a ofishin filaye na gwamnatin Legas da ke Alausa, to mai yiwuwa banki ya iya sayarwa bayan ya ba mai bashin sanarwa. In kuwa takardun gidan kawai mutumin ya ajiye musu, sai da umarnin kotu. Dokar filaye ta 1978 ce ta sa amincewar gwamna ta zama sharaɗi, kuma a 1989 Kotun Ƙoli ta soke jinginar bankin Savannah a shari’arsa da Ajilo saboda rashinta. Wanda jinginarsa ba ta tsaya ba, me zai sayar maka?

Binciken rajista, duba taswirar filin da bashin harajin gida, wannan kowane lauya ya san aikinsa. Abin da na fi so a tono shi ne ko mai gidan ya kai banki ƙara. In shari’a na gudana ka saya, to hukuncin da ya fito yana iya hawa kanka.

Batun “sai su fita” kuma, a’a. Ko cinikin ya inganta, ba ka da ikon cire ƙofa, yanke wuta ko kawo samari su watso kaya waje. Dokar kare kadarori ta Legas ta 2016 ta mai da shiga da ƙarfi laifi. ’Yan haya, gwargwadon yarjejeniyarsu da lokacin da suka shiga, mai biyan shekara yakan cancanci notis na wata shida a dokar haya ta 2011, sannan na kwana 7, sannan kotu. Kai kuma kana can kana biyan haya. Ka haɗa wannan da kuɗin neman amincewar gwamna a kan naka cinikin, ka ga ko arahar tana nan.

Da ni ne, zan nemi banki ya rubuta cewa ragowar kuɗin sai ranar da aka miƙa gida babu kowa ciki. In sun ƙi, a zauna da mai gidan. Mutum ne da iyali, bashi ya kayar da shi. Sau da yawa wa’adin ’yan watanni da ɗan abin kama haya ya fi shekaru ana jelen kotu sauƙi. Cibiyar sasanci ta gwamnatin Legas tana irin wannan zama kyauta, a rubuta abin da aka cimma kowa ya sa hannu.

Shi kuwa dillalin da ke ta “makon nan”, ya kawo wasiƙar da banki ya wakilta shi da kwafin takardar jinginar. Kada sisinka ya shiga asusun wani mutum, sai na bankin. In ya kawo, turo mini in duba shafin da gwamna ya sa hannu.