Gidan bakin ruwa a Amstadam: kada a biya kafin a taka ƙafa

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan tsofaffin gidajen bakin ruwa na tsakiyar Amstadam, babban birnin Holan, waɗannan dogaye masu siririyar fuska da ke jere a Herengracht da Keizersgracht da Prinsengracht. Tun wajen 1613 aka fara haƙa waɗannan hanyoyin ruwa, a 2010 kuma UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya. Na yi shekara huɗu a hawa na uku na ɗaya daga cikinsu, don haka abin da zan faɗa na gani ne da idona.

Anti, na samu aiki a Amstadam, wata mai zuwa zan taso daga Kano. Na ga fulat a intanet a Keizersgracht, murabba'in mita 110, ɗaki biyu da babban falo, Yuro 950 a wata. Mai gidan ya ce yana aiki a Ingila, in tura masa kuɗin wata uku, zai aiko mini da makulli ta gidan waya. Har hoton fasfonsa ya turo mini. In tura?

Ɗana, kada ka tura ko kwabo. Wannan ba mai gida ba ne, ɗan damfara ne, kuma fasfon da ya turo maka na wani bawan Allah ne da aka cuta kafin kai. Kai ma kada ka kuskura ka tura masa naka, don da shi zai yaudari na gaba.

Fara da kuɗin. Fulat mai wannan girma a Keizersgracht da wuya ka same shi ƙasa da Yuro 2,500 a wata, galibi ma ya haura haka sosai. Yuro 950 a wannan unguwa kuɗin ɗaki ɗaya ne a gidan da ake haɗa kicin da bayi da wasu. Idan wani ya ce zai sayar maka da buhun shinkafa a Singa a kan kuɗin kwano biyar, ba sai an ce maka komai ba. To me ya sa idan an rubuta farashi da Yuro sai hankalinmu ya tafi?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne 'yan damfarar nan sun san halinmu. Mun saba a gida a biya hayar shekara guda cif, a ba dillali la'adarsa, wani lokaci ma kafin a ga takarda. Don haka idan aka ce mana wata uku sai mu ga ai an yi mana sauƙi. A Holan wata-wata ake biyan haya. Kuɗin ajiya kuwa, tun 1 ga Yulin 2023 doka ta ce kada ya wuce hayar wata biyu, kuma idan ka tashi ba ka ɓata komai ba, a mayar maka da shi cikin kwana 14. Dillalin da ke yi wa mai gida aiki ba shi da ikon karɓar la'ada a hannunka. Duk wanda ya nemi abin da ya wuce wannan, ko dai bai san doka ba, ko kuma yana fatan kai ba ka sani ba.

Na taɓa zama da wata yarinya ɗaliba a tashar jirgin ƙasa, da akwatinta biyu da buhun garin tuwo ɗaure da igiya. Ta je adireshin da aka ba ta, ta danna ƙararrawa, wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce ita ke zaune a gidan shekara da shekaru, kuma ba ta taɓa ba da haya ba. Lambar "mai gidan" a kashe. Kuɗin da ta tura, mahaifinta fili ya sayar ya haɗa mata. Abin da ya fi damunta a ranar shi ne yadda za ta kira gida ta faɗa. Tun daga nan ba na sassauta wa kowa a kan wannan magana.

Ga yadda za ka yi. Kama ɗakin wucin gadi na mako biyu ko uku, ko ka tambayi wurin aikinka, da yawansu suna taimaka wa sabon ma'aikaci da masauki. Idan ka iso, je ka shiga gidan da ƙafarka, ka ga makulli ya buɗe ƙofa. Hukumar filaye ta Kadaster tana gaya maka sunan mai gida a kan 'yan Yuro kaɗan ta intanet, sai ka gwada da sunan da ke kan yarjejeniya. Ɗauki hotunan tallan ka bincika su a Google, sau da yawa za ka tarar an sato su ne daga Funda ko Pararius, inda ake tallan gidajen gaskiya. Biya ta banki kawai, cikin asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takarda. Ba ta Western Union ba, ba ta hannun "ƙanin mai gida" ba.

Tambaya ɗaya kuma tana tona asirin da yawansu: "Zan iya yin rajista da wannan adireshi a hukumar gari?" Ba ka samun lambar BSN, wato lambar shaida da hukuma ke ba kowane mazaunin ƙasar, sai da rajista, kuma sai da lambar ake daidaita albashi da inshorar lafiya. Wanda ya ce maka gidan babu rajista, ko da gidan gaskiya ne, akwai abin da yake ɓoyewa. Idan ka riga ka sa hannu kana shakkar kuɗin, akwai ƙungiyar !WOON da ke ba 'yan haya shawara kyauta a Amstadam, akwai kuma Huurcommissie da ke raba gardama tsakanin ɗan haya da mai gida. Allah ya kawo ka lafiya.

Anti, amarya ce ni, maigida ya kama mana fulat a hawa na biyu a Prinsengracht. Iyayena sun yi mini kayan ɗaki na gani na faɗa, gado da wadirob mai ƙofa shida da kujeru. Za mu turo su ta jirgin ruwa. Me kike gani?

Allah ya sanya alheri, 'yata. Amma bar kayan nan a gida. Matakalar waɗannan gidaje tsani ce da aka yi wa ado, a tsaye take, tana murɗawa, wani wurin tafin ƙafarki ma ba ya zama a kanta gaba ɗaya. Wadirob mai ƙofa shida ba zai hau ba. Ɗaga kai ki dubi saman kowane gida za ki ga katako ya fito da ƙugiya a bakinsa. Da shi ake jan kaya ta taga kamar guga, shi ya sa ma aka gina wasu gidajen da ɗan sunkuyo gaba, don kada kaya su bugi bango. Yau galibi motar ɗaga kaya ake haya, da kuɗinta, wani lokaci da izinin tare titi. Ki haɗa wannan da kuɗin jirgi da na kwastan, kin sayi sabbin kayan ɗaki a can har da canji.

Ki sa maigida ya duba takardar hayar: idan an rubuta "kaal", gidan babu labule, babu fitilu, wani lokaci ko shimfiɗar ƙasa babu. "Gestoffeerd" yana da daɓe da labule. "Gemeubileerd" shi ne mai kayan ɗaki.

Abu biyu kuma. Daɓen katako ne, maƙwabcin da ke ƙasanki yana jin takunki, balle daka. Turmi ya zauna a Kano, ki sayi injin niƙa. Turaren wuta kuwa ki taho da shi, amma ki yi shi da kasko na lantarki kusa da taga, don tun Yulin 2022 kowane gida sai da na'urar jin hayaƙi, kuma gida mai daɓen katako da ya shekara ɗari uku ba wurin wasa da garwashi ba ne. Kada ki cire wa na'urar batir.

Anti, hankalina ya ƙi kwanciya. Kamfanin mijina ya ba mu gida babba a bakin ruwa. Yarana biyu, mai shekara uku da mai shida, kuma surukata za ta zo ta yi wata uku, tana fama da ciwon gwiwa. Ina kwana ina tunanin ruwan nan. Ko dai na cika tsoro ne?

Ba ki cika tsoro ba, ƙanwata, uwa ce ke. Yawancin bakin ruwan babu shinge, zurfinsa ya wuce tsayin mutum, da hunturu kuma sanyinsa kaɗai ya isa. Amma dubban yara sun tashi a wannan unguwa lafiya, don iyayensu sun yi abin da za ki yi. Makon da kuka sauka ki rubuta sunan babban a koyon iyo. Yaran Holan suna yin jarrabawar da ake kira diploma A, inda har da tufafi a jiki ake koya musu fita daga ruwa, kuma layin jira yana da tsawo, don haka kada ki jinkirta. Ƙaramin kuma hannunsa a naki daga ƙofa. A gaskiya kekuna sun fi ruwan ba ni tsoro, don ba sa ƙara kuma ba sa tsayawa. Sa ƙyaure a sama da ƙasan matakala. Tagogin gidajen nan manya ne, wasu suna farawa daga gwiwar babba, ki nemi a sa musu abin da zai hana su buɗewa sosai.

Maganar Hajiya ce ta fi damuna. Idan hawa na biyu ne ko na uku kuma babu lif, kamar yadda yawancinsu suke, za ta hau sau ɗaya ta zauna wata uku tana kallon ruwa ta taga. Ki faɗa wa maigida wannan a fili tun yanzu, ya tambayi kamfanin ko akwai na hawan ƙasa. Idan babu, ku duba Zuidoost, yankin kudu maso gabashin gari. Can akwai benaye masu lif, akwai masallacin Taibah, akwai shagunan 'yan Afirka da doya da manja, akwai 'yan uwanmu na zangon Gana da za ta gaisa da su da Hausa, kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa yana kai mutum tsakiyar gari. Idan kun zauna a bakin ruwan, masallacin Fatih na Rozengracht yana kusa.

Ki kuma tambayi nawa mutanen da suka tashi suke biyan gas da hunturu. Rufin sama yana da tsayi, tagogi da yawa gilashi ɗaya ne, kuma gidan da aka yi wa rajistar tarihi ba a canja masa taga sai da izini. Faɗin falon da ya burge ki a watan Yuni, shi za ki ɗumama a Janairu. Ɓeraye ma suna nan, ki zuba hatsi a mazubi mai murfi. Kwantar da hankalinki, ki rubuto mini idan kun sauka.

Mu huɗu ne abokai, muna so mu haɗa kuɗi mu kama babban fulat a Herengracht da sunan mutum ɗaya, mu riƙa sa ɗaki ɗaya a Airbnb yana biya mana haya. Dabara ce ko?

Ba dabara ba ce. Mutum uku ko fiye da ba iyali ɗaya ba, sai gidan yana da izinin hukuma kafin su zauna tare. Ba da gida ga 'yan yawon buɗe ido sai da izini da yardar mai gida, kuma akwai iyakar dararen da aka yarda a shekara. Tarar dubban Yuro ce, a kan wanda sunansa ke takarda, sauran ukun kuma ba su da adireshi. Ku nemi gidan da albashinku zai ɗauka.

Hajiya, shekarata ashirin da biyu a unguwar Bijlmer ta Zuidoost, daga Kumasi na zo. Na tara abin da na tara, ina so in sayi fulat a tsohon gidan bakin ruwa in bar wa 'ya'yana. Me zan duba?

Alhaji, barka da ƙoƙari. Kafin ka dubi falo, tambayi abin da ke ƙarƙashin gidan. Ƙasar Amstadam taɓo ce, gidajen nan a kan dirkokin itace suke tsaye, an kafa su har suka taɓa yashi mai ƙarfi wajen mita goma sha biyu a ƙasa. Fadar sarki da ke dandalin Dam kaɗai tana kan guda 13,659. Muddin itacen yana cikin ruwa ba ya ruɓewa, ko shekara nawa. Idan ruwan ƙasa ya ja baya kan dirka ya sha iska, sai ya fara ruɓewa, gida ya fara nutsewa ta gefe ɗaya. Gyaran harsashi aiki ne na kuɗi masu nauyi, kuma duk masu fulat a gidan ne ke raba shi, ko kai kana hawa na huɗu. Bangon bakin ruwan ma ya tsufa, a Satumban 2020 wani sashe ya rufta a Grimburgwal, kuma hukuma tana ta gyara wasu, abin da kan rufe titi tsawon lokaci.

Saboda haka ka nemi rahoton harsashi a rubuce, ka ɗauki mai duba gini naka, kada ka dogara da na mai sayarwa. Ka karɓi takardun ƙungiyar masu gidan, wadda suke kira VvE: nawa ke asusunta, nawa ake biya duk wata, me suka tattauna a zamansu na baya. Ƙungiyar da asusunta babu komai, ranar da rufi ya yi yoyo aljihunka za a taɓa. Ka tambaya ko filin na gidan ne ko na hukumar gari ne da ake biya wa kuɗin hayar fili, wanda suke kira erfpacht. Ka sa harajin saye, kashi 2 cikin ɗari ga wanda zai zauna a gidan da kansa, da kuɗin notari, wato jami'in da ke rubuta takardar ciniki, a lissafi. Ranar da za ka je gani, ka tafi da ƙwallon yara a aljihu, ka ajiye shi a tsakiyar falo. Daɓen tsohon gida dole ya ɗan karkata, amma idan ƙwallon ya ruga bango da gudu, kuma ka ga sabon fenti a kan tsaga kusa da taga, ka ce a kawo maka rahoton kafin a ci gaba da maganar farashi.