Tambaya da Amsa: Allurar Ta Ƙi Aiki Bayan Tiyata

TAMBAYA: Likita, an yi wa mahaifinmu tiyata a ciki. Yanzu wurin ɗinkin yana zubar da mugunya, zazzaɓi ya ƙi sauka, allurar ceftriaxone da anka yi mishi kuma ba ta yi aiki ba. An ce mu jira sakamakon gwaji. Mu sawo wadda ta fi ta ƙarfi a kemis? Daga wata mai karatu, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Allah Ya ba Baba lafiya. Malama, kada ku sawo komai. Matsalar ba ƙarfin allura ba ce, dacewarta da ƙwayar cutar ce.

Ƙwayoyin cutar da ke zaune a asibiti sun daɗe suna haɗuwa da magunguna, masu rauni sun mutu, masu taurin sun hayayyafa. Wasu ƙwayoyin cuta irin su Klebsiella da E. coli suna fitar da sinadarin ESBL, wanda ke karya ceftriaxone tun kafin ta taɓa su. Ƙwayar cutar Staphylococcus mai bijire wa magani, wato MRSA, tun 1961 aka gano shi a Ingila. Ko an ninka allurar, irin waɗannan ba sa ji.

Gwajin da aka ce ku jira shi ne mafita. Ana ɗibar mugunyar a shuka ta a faranti, ta kwana cikin ɗumi kamar na jikin mutum. Idan ƙwayar cutar ta tsiro, sai a sake shuka ta, a ɗora ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban. Maganin da ƙwayar ta kasa tsirowa a kewayensa shi ake dubawa. Wannan yakan ɗauki awa 48 zuwa 72, kuma likita ba ya naɗe hannu a tsakani. Ku faɗa masa duk kafso ko allurar da Baba ya sha kafin kwanciya, domin suna iya hana ƙwayar tsirowa, sakamako ya fito babu komai alhali cutar tana nan.

Wani abin da ake mantawa: idan mugunya ta taru a ciki, magani ba ya ratsa ta sosai. Sau da yawa sai an warware wani ɓangaren ɗinkin an fitar da ita, ana wanke ciwon kullum. Kada a sa masa toka, garin kafso ko wani haɗi daga gida.

Ku masu jinya, hannu shi ne babbar hanyar yaɗuwa. Wanki da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60, ko shafa sinadarin tsaftace hannu daƙiƙa 20 zuwa 30, kafin taɓa Baba da bayan taɓawa. A rage 'yan dubiya, a daina zama a gadon wani majinyaci. Idan akwai robar fitsari, jakar ta kasance ƙasa da mara, ba ta taɓa ƙasa, kuma kullum ku tambaya ko lokacin cire ta ya yi.

In Baba ya fara ruɗewa, numfashi ya yi sauri ko fitsari ya ragu, ku kira ma'aikacin jinya nan take, ko da tsakar dare ne.